Jere da Alƙalami: Tarihin Ɗakin Mace a Ƙasar Hausa

Giginya ce ta fara yanke wa ɗakin Bahaushe faɗinsa, tun ba a san awon fili ko takardar gini ba, domin maginan dā, waɗanda ba su da ƙarfe ba su da siminti, sai ƙasa da tubali da azara, sun gane tun da wuri cewa azarar da ake faskarawa daga jikin giginya, duk da ƙwarinta da kuma yadda gara ba ta samun ta cikin sauƙi, ba ta jure nauyin rufin ƙasa idan sararin da aka gitta ta a kai ya wuce kamu huɗu ko abin da ya yi kusa da haka. Wanda yake son ɗaki mai yalwa dole ya nemi gwanin da ya iya ɗora azara bisa azara, ko ya iya ɗaurin guga da bakan gizo, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai matuƙa a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu; wannan kuwa sha'ani ne na sarakuna da attajirai. Talaka, da ma mai matsakaicin hali, rabonsa kago ne mai jinka, ko ɗan soro mai kusurwa huɗu, ko in ya yunƙura adada mai ciki biyu, kuma a irin wannan ɗan sarari ne matan Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsara dukiyarsu, suna renon 'ya'yansu, suna ƙaga labaran da daga baya suka zama tushen adabinmu na zube.

Tsarin gidan kowa ya san shi: zaure a bakin hanya, inda maigida ke karɓar baƙi, malami ke ba da karatu, maɗinki ko baduku ke sana'arsa, daga nan ƙofar gida, sai shigifa, sa'an nan tsakar gida, inda idon baƙo namiji ba ya kaiwa. A can ciki kowace matar aure tana da ɗakinta, kuma wannan ba alfarma ba ce miji ya yi mata, hakki ne da shari'a ta ɗora masa, tun da mazauni yana cikin abubuwan da suka wajaba a kansa tare da ci da sha da sutura. Saboda haka ɗakin nan, komai ƙanƙantarsa, hurumi ne nata ita kaɗai: kishiya ba ta shiga sai da sallama, uwar miji takan tsaya daga bakin ƙofa, miji kansa in mai mutunci ne ba ya buɗe abin da ta rufe.

Dabarar da matan dā suka bi wajen zama da ƙuncin wuri guda ɗaya ce, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta ba, wato a bar ƙasa fili, a hau da kaya bango da rufi. Tabarma ana shimfiɗa ta ne lokacin bukata, in an gama a naɗe a jingine. Ƙwaryar nono da ta fura suna rataye a ragaya, inda ɓera da kyanwa da yaro mai rarrafe ba sa kai musu. Fitila tana da alkukinta da aka fafe a jikin bango tun ranar gini, tufafi suna cikin adudu, randa tana kusurwar da rana ba ta dukanta. Gado a wurare da yawa na ƙasa ne, ginanne haɗe da bango, da rami a ƙarƙashinsa inda ake zuba garwashi lokacin hunturu ko lokacin jego, wadda ba ta sami wannan ba kuma ta yi na kara. Daɓe aikin gayya ne na mata, sukan taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba, har ƙasa ta yi santsi ta yi ja mai duhu, yadda ko tsinke ya faɗi sai an gan shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, da ya shiga Kano a 1851, cikin abubuwan da suka ɗauki hankalinsa har ya rubuta su akwai tsabtar ɗakunan da ya gani, da bangon da aka goge ya yi sumul, da tukwane da akusa wankakku an jera su bi da bi. Ashe jere ya riga kanti da kayan Turawa zuwa ƙasar nan da nisa.

To, amma kayan nan na wane ne, kuma wa ke sayen su? A nan fiƙihu da al'ada suka yi tafiya tare zuwa wani wuri, sa'an nan suka rabu. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tamu, sun tafi a kan cewa mace za ta yi wa kanta kayan ɗaki daga sadakin da ta karɓa, gwargwadon abin da aka saba yi wa irinta. Sun kuma ce idan saɓani ya auku tsakanin miji da mata a kan kayan gida, babu kuwa shaida, to duk abin da aka sani a bisa al'ada na mata ne, a ba matar bayan ta yi rantsuwa. Ya zo a wata ruwaya cewa kayan da aka kai Nana Faɗimatu da su ɗakin Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara musu yarda, su ne mayafi mai kauri da salkar ruwa da matashin fata da aka cusa da ciyawa. Al'adar Bahaushe kuwa sai ta ɗauke nauyin daga kan sadaki ta aza shi a kan iyaye, musamman uwa, wadda takan fara tara wa 'yarta kwano tun yarinyar ba ta daɗe da yaye ba. Macen da ke cikin kulle ba a zaune take ba: tana kaɗi, tana dakau, tana suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli, tana kirɓa fura, tana aika yarinyar talla, ribar kuma ta shiga adashi, adashi ya fita ya zama tasa. Ranar jere dangi da ƙawaye su kawo gudummawa, kowace tana biyan bikin da aka yi mata a baya. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da aka haifa wajen 1877, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954 bayan rasuwarta, wani babban sashe na abin da ta faɗa a kan wannan ne: aure, da ƙawance, da gudummawa, da kayan da ake raka amarya da su.

Wanda ya ɗauki jere a kan ado ne kawai bai fahimce shi ba. Taska ce ta macen da ba ta da gona ba ta da rumfa a kasuwa. In yunwa ta shigo, ko yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, ta zare tasa ɗaya daga ƙasan jeri ta ba dillaliya, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. In aure ya mutu, 'yan'uwanta su zo su kwashe mata kayanta har tsintsiya, miji ba shi da ta cewa. In kuma Allah Ya ja kwana, abin da ya rage ta raba wa 'ya'yanta mata. Shi ya sa nake ganin malaman da suka yi ta wa'azi a kan israfin kayan ɗaki sun faɗi gaskiya, amma rabinta suka faɗa, domin kafin abin ya zama gasa da alfahari, rufin asiri ne.

Kayan da ake jerawa kuwa sun yi ta sākewa da sākewar zamani, har mutum yana iya karanta tarihin kasuwancin ƙasar nan a bangon ɗakin mace. Da fari ƙorai ne, fafaffu, wankakku da yashi, wasu da zane, da akusa baƙaƙe, da faya-fayai masu launi a matsayin marufi. Mai hali ta haɗa da tasoshin tagulla na maƙeran Bida da na Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuɗi suka shiga hannun manoma, kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna, sai ga langa mai fenti da furanni, wadda ba ta fashewa kamar ƙwarya, ba ta kuma kai tasa tsada. Nan da nan ta ci bango. Mata suka riƙa kwaɓa ƙasa suna manna farantai a jikin gini tun daga ƙasa har rufi, suna kifa kwanuka bisa kwanuka, babba a ƙasa ƙarami a sama, har jeri ya tokare azara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwanukan suka riƙa zuwa daga Hon Kon, a shekarun 1960 kuma Sinawan can suka zo suka kafa masana'antunsu a Ikko da Kano. Gadon ƙasa ya ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri, aka tula masa katifu da matasai har sai an taka kujera ake hawansa. Da kuɗin man fetur suka zo, da ƙarin albashin Udoji na 1974, da yawaitar alhazai masu dawowa daga Makka da tsaraba, sai langa ta zama kayan ƙauye, aka koma tangaran da kwanukan gilashi a cikin kabad mai madubi, da gadon fomeka, da kujerun kushin, da leda a ƙasa maimakon daɓe.

Abu guda ne bai ƙaru ba, shi ne faɗin ɗakin. Hasali ma raguwa ya yi, domin mutanen da suka kwararo birane neman aiki ba gida suka samu ba, haya suka kama a irin su Fagge da Tudun Wada, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, a gidan da ake layin banɗaki da layin famfo. Tsohuwar ƙa'idar nan ta barin ƙasa fili ta rushe, tun da kayan kafinta ba sa hawa bango, sai ga amarya tana tafiya a karkace tsakanin gado da kabad, ba ta da inda za ta shimfiɗa sallaya sai ta ture kujera. Nauyin kuma ya yi wa iyaye yawa, har 'yan mata suka riƙa daɗewa a gida ba don rashin manema ba, sai don uba bai haɗa kuɗin kafinta ba. Da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, cikin manyan abubuwan da ta ɗauke wa mutane akwai gado da katifa da sauran kayan ɗaki, domin ta san inda gizo ke saƙar.

Wannan tarihin abin da ido ke gani ke nan. Akwai wata dukiyar da ke cikin ɗakin nan wadda ba a kifa ta a bango, dillaliya kuma ba ta san farashinta ba, ita ce tatsuniya. Bayan sallar lisha, an ci tuwo an kife kwanuka, yara sukan taru a ɗakin kaka, ko a ɗakin amarya sabuwa wadda ke neman masu ɗebe mata kewa, ta ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta, daga nan kuma sai Gizo da Ƙoƙi, da Kura da Dila, da 'yar mowa da 'yar bora. An tsorata yara da cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi, hikimar kuwa a fili take, rana ta aiki ce. Matan nan ba su san ana kiran abin da suke yi fanni ba, amma duk wata ƙa'ida da ake koya wa ɗalibin adabi a jami'a yau tana hannunsu: sun san a fara da matsala, sun san a maimaita abu sau uku yana ƙara tsanani, sun san inda ake saka waƙa don mai gyangyaɗi ya farka, sun kuma san a yanke labari daidai inda rai ya rataya a ce sai gobe. Ba daga littafi suka ɗauko ba, daga fuskokin yara suka koya, a hasken fitilar aci-balbal.

Ma'abota ilimi na zaure ba su ba wannan abu daraja ba. A wurinsu rubutu amana ce da aka keɓe wa Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu da tarihi da waƙar wa'azi, takarda kuwa tsada gare ta, daga ƙetaren Sahara take zuwa, ba a ɓata ta a kan ƙaryar Gizo. Da yawa ma ba su ga dalilin koya wa mace komai ba, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi musu kakkausan inkari a cikin Nurul Albabi, inda ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗaukar su tamkar kayan aikin gida da ake mora har su fashe a jefar a juji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mai da wannan magana aiki, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, ta kafa 'yan taru, waɗanda ke ɗaukar waƙoƙinta zuwa ƙauyuka su karantar da mata a ɗakunansu. Abin da suka ɗauka wa'azi ne, ba hikaya ba, amma sun tabbatar da hujjar cewa ɗakin mace yana iya zama makaranta. Tatsuniya kuwa da ta tashi shiga takarda, ta hannun maza ta shiga: Schön ya buga Magana Hausa a 1885, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 daga abin da malamai suka rubuta, Rattray kuma ya buga na Malam Shaihu daga ƙasar da ake kira Gana yau a 1913. Sunayen tsofaffin da aka ji labaran daga bakinsu ba su shiga bangon littafi ba.

A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zaga manyan garuruwa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai, ya kuma ba da labari da kansa cewa babbar wahalarsa ita ce shawo kan malamai su yarda wannan aiki ne da ya dace da mai ilimi, domin a ganinsu sha'anin mata da yara ne. Daga gasar da aka shirya a kan haka aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Yadda Imam ya rubuta Magana Jari Ce abin lura ne ƙwarai: a 1936 aka ɗauke shi daga koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka kai shi Zariya, aka sauke masa kowane nauyi har kimanin wata shida, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ga wurin zama, ga takarda, ga kuma East a kusa, abin da aka rubuta a zauna a duba shi, a gyara, a sāke. Baiwar Imam daga Allah take, ba mai musun wannan. Amma baiwar ta sami fili da lokaci da abokin shawara, kuma waɗannan ukun su suka sa Hausar littafin ta fita tas, har yau ana koyi da ita. Abin sha'awa, ginshiƙin juzu'i na farko shi ne aku yana tsare ɗan sarki Musa a cikin gida da labari dare bayan dare don kada ya fita ya halaka, wato aikin kaka ne aka ba tsuntsu.

Kusan shekara hamsin aka yi kafin alƙalamin hikaya ya koma ɗakin da labarin ya fito. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da 'yan mata aji da yawa, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, a shekarar nan kuma kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ya fito daga gasar da kamfanin ya shirya, shi ne kuma ake lissafawa ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Talatu Wada Ahmed ta biyo da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma karatu a ajin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. A lokacin tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja da baya, saboda haka marubuta maza da mata suka haɗa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu.

Yadda matan nan suke rubutu a wancan lokaci shi ne abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Babu wanda ya ɗauke musu girki na wata shida. Galibinsu sai dare ya yi, yara sun yi barci, maigida yana turakarsa ko yana ɗakin mai girki, sa'an nan ta jawo littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro daga ƙarƙashin katifa, ta hau gado ta ɗora matashi a cinya, ko ta kifa faranti ta mai da shi tebur, in an ɗauke wuta ta kunna fitilar ƙwai. Rubutu a kan cinya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, haka malamai suka kwafe manyan littattafai a kan buzu, da kurtun tawada a gefe. Amma malami yana da zaure, yana da gafaka, yana da almajiran da ke hana yara kusantarsa. Ita kuwa in littafin ya cika, ƙane ko ɗa ko miji mai fahimta shi zai kai wa mai buga keken rubutu, daga nan maɗaba'a, daga nan 'yan kasuwar littattafai na Kurmi da Sabon Gari, kamar dai yadda kayan sana'ar uwarta suka riƙa fita ta hannun yara kuɗi su dawo. Ƙarancin jari shi ya sa ake raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku, a sayar da na farko a buga na biyu da kuɗinsa, wannan kuwa ya tilasta wa marubuciya ta yanke kowane kashi inda mai karatu ba zai iya haƙuri ba, dabarar da ta gada tun daga ɗakin kaka. A bangon baya takan sa adireshi, wasiƙu su yi ta zuwa daga matan da ba ta taɓa gani ba, wata ta ce labarina kika rubuta, wata ta ce ga nawa ki rubuta. Littafi ɗaya kuma yakan zaga gida goma ta hanyar aro da haya, gidajen rediyo su karanta shi ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Masu suka sun yi wa littattafan nan dariya saboda yawan siffanta ɗaki: irin gado, launin labule, ƙamshin turaren wuta, abin da aka jera a kan madubi. Ni ban ga abin dariya ba. Marubuci yana siffanta fagen da ake fafatawa ne, kuma in Ganɗoki ya ƙidaya dawaki da takubba, ba laifi ba ne mace ta ƙidaya kwanuka, tun da a nan ake cin nasara a nan ake faɗuwa. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne, ya ga yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara bayan ya auro Delu, ya ga ta koma sayar da abinci don ta riƙe su, ya san cewa fitar mace daga ɗakinta ba ƙaramin al'amari ba ne. Littafin nan har an fassara shi da Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Nan gaba mai neman ya san yadda ɗakin amaryar Kano yake a 1995, a waɗannan littattafai zai samu, ba a kundin gwamnati ba.

Ba na cewa duka sukar ba ta da tushe. Muhawarar da aka daɗe ana yi a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana kiran abin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu yana kāre shi, ta fito da aibobi na gaskiya: gaggawa, da karya ƙa'idar rubutu, da maimaita jigo guda, da ɗauko zubin finafinan Indiya. Amma in aka bi sababin aibobin, da yawansu a ɗakin za a same su. Gyaran rubutu yana bukatar wurin da za a baza shafuka, a bar su su kwana, a dawo a dube su da sabon ido. Wadda dole ta tattara takardunta kafin asuba don kada yaro ya zuba musu koko, wadda ba ta da kwafi sai guda, wadda ɗan kasuwa ke jiran kashi na biyu a ƙofar gida, ta yaya za ta sāke rubuta babi sau uku? Abin da aka ba Imam a 1936 ba a ba ta ko kashi ɗaya cikin goma nasa ba. Don haka da aka tara wasu littattafai aka cinna musu wuta a Kano a 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a ganina an kuskure magani, domin abin da adabin nan yake bukata shi ne editoci masu haƙuri da maɗaba'u masu amana.

Yau littafin 'yan makaranta ya ba wayar hannu wuri. Matasan marubuta suna rubutu da babban yatsa, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biya ta banki. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna cewa in aka sa ƙa'ida da alƙalai, gajeren labari mai nagarta yana fitowa daga ɗakunan nan. Sai dai gaggawar ta ƙaru, tun da yanzu abin da aka rubuta da dare kafin safiya ya isa hannun dubban mutane. Kuɗin haya ya hau, ɗakuna sun ƙara matsewa, gadajen da ake yayi kuwa sun ƙara faɗi. Tun daga zamanin ƙwarya har zuwa zamanin kayan Dubai da Turkiyya, jere ya karɓi kowane sabon abu da kasuwa ta kawo, amma har yanzu da wuya ka ga an lissafa tebur da kantar littattafai a cikin kayan ɗakin amarya, ko da kuwa amaryar ta gama jami'a.

Saboda haka ina kira ga iyaye mata, da gwaggwanni da innoni masu zuwa jere, cewa ranar da za a shirya ɗakin yarinya a rage kujera ɗaya, a bar mata kusurwa kusa da taga, a sa ɗan tebur da kujerarsa, a kafa katako biyu ko uku a bango don littattafanta, kuɗin wannan duka bai kai na labule ba. Ina kuma roƙon 'ya'ya da jikokin marubutan shekarun 1980 da 1990, duk wanda ya san akwai tsofaffin littattafan rubutun hannu na mahaifiyarsa a ƙarƙashin gado ko a cikin akwati, da wasiƙun masu karatu, kada ya bari gara ta cinye su ko a ba mai ƙosai ranar tashi daga gidan haya. Ya tattara su ya kai Gidan Arewa da ke Kaduna ko Jami'ar Bayero ta Kano, ya sa a rubuta sunanta da shekarar da ta rubuta su.